Rariyar Hala da Kalmar da ta Tsorata Gwaggo

Umdurman, Sudan
12 ga Sha'aban, 1443

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Sabuwa, a Haɗejiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa daga nan nesa ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya kai mu azumi da rai da lafiya. Mu ma nan sai godiya. Gogo, mahaifiyarmu, matar ɗan'uwanki marigayi, tana nan da ƙarfinta. Makon nan ita da maƙwabta suna ta toya hilu-mur, wato kullun da ake toyawa falle-falle, a jiƙa a yi abin shan da muke buɗa baki da shi a nan, ƙamshin citta da kirfa ya kama har labulen ɗaki. Ni kuma ina ta fama da 'yan matana a makaranta. Wanda zai karanta miki wannan, don Allah ya bi a hankali, kada ya tsallake layi ko ɗaya.

Gwaggo, ranar Juma'a ɗanki Yaya Idirisu ya kira ni, muryarsa duk a sanyaye. Ya ce kin ce a haɗa wa Hala kayanta ta taho Haɗejiya kafin Sallah, domin kin ji da kunnenki tana cewa giya take haɗawa a gidanmu. Ya ce ya yi miki bayani, kin ce kare 'yarsa yake yi, shi kuma ba zai ƙetare maganarki ba. Ban ga laifinki ba. Jikarki ce, kuma tun da Allah ya karɓi mahaifiyarta, yayata Nana A'isha, aka bar mana yarinyar nan amana, kina da hakkin ki tambaye mu yadda muka riƙe ta. Sai dai wata uku ya rage ta zauna jarrabawar gama sakandare. Idan ta tashi yanzu, karatun shekara goma sha ɗaya zai tsaya a bakin ƙofa, don takardun can da na nan ba ɗaya ba ne.

Na sa ta kunna mini saƙon da ta aiko miki, na saurara har sau uku. Kin san yaranmu na nan, Hausarsu rabi ce, da sun yi tuntuɓe sai su faɗa Larabci. Abin da ta ce shi ne tana aikin ruwan tuffa, kuma takhmir ne ya hana ta sakat. Ke kuwa kin san hamru, wato giya, a wurin tafsiri, sai kunnenki ya kama wannan. Gaskiya ne kalmomin biyu gida ɗaya suka fito. Amma a bakin mutanen nan, kullun masa da ya kwana ya tashi, takhmir ne. Gasarar koko da ta yi tsami, takhmir ce. Yistin burodi ma khamira muke ce masa. Da na faɗa wa Gogo, sai ta ajiye abin toyawarta ta ce to ai ita ma kullunta na hilu-mur kwana da kwanaki yake yi yana tsami, shekara hamsin ke nan muna shan ruwa da shi, in haka ne a zo a haɗa mata nata kayan ita ma, da ma ta daɗe tana marmarin kifin Haɗejiya.

Ga yadda abin ya faro. Makarantarmu za ta yi bajekolin kimiyya bayan Sallah, na ce kowace yarinya ta nemo wata matsala da ta gani da idonta. Hala ta raka ni babbar kasuwar kayan marmari da ke kusa da unguwar Alsahafa, ta ga tuffar da ta ɗan bugu a hanya ana zubarwa kwali-kwali, alhali cikinta lafiya lau. Ta ce ita za ta matse ta, ta yi ruwan da zai yi sati biyu bai lalace ba. Wani mai rumfa ya ba ta kwali guda, ya ce in ta yi nasara ta kawo masa kofi ɗaya ya shaida.

Matsewa ba ta ba ta wahala ba, tacewa ce ta sha kanta. Da farko ta yi da tsohon mayafin Gogo, ɓargajin tuffar ya toshe shi, ruwan ya tsaya yana ɗiga kamar hawaye. Ta koma rariyar garinmu ta ƙarfe, ruwan ya fito ya yi baƙi, yana ɗanɗanon tsatsa, domin tsamin tuffa yana cin baƙin ƙarfe. Shi ne muka hau raksha, wato Keke Napep ɗinmu na nan, muka tafi Kasuwar Umdurman wurin Usta Salahuddin, maƙeri ne, kakanninsa Katsinawa. Ya fito mana da waya iri-iri saƙaƙƙiya kamar tabarma, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ya ce kowace da lambarta. Ni da nake malamar na ce a ba mu ƙaramar lamba, a zatona ita ce mai ƙananan idanu. Hala ta taɓa ni ta ce a hankali, Khaltu (wato ƙanwar uwa, haka take kirana), lambar yawan idanu take ƙirgawa a inci guda, idan ta yi yawa idon ya ƙanƙance. Usta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaya wace ce malamar a cikinmu. Wallahi, Gwaggo, ban taɓa jin daɗin kunya irin ta ranar ba.

Ya ɗaura mata guda uku a zoben katako, ta jera su ɗaya bisa ɗaya. Ta sama, lamba ashirin, tana kama ƙwallo da ɓawo. Ta tsakiya, lamba sittin, tana kama ɓargaji. Ta ƙasa, lamba ɗari biyu, laushinta kamar alharini, ruwan da ke fita daga cikinta kina iya hango tafin hannunki ta bayan kwalbar. Da ta gama sai ta wanke su da ruwan zafi da buroshi, ta ɗaga su ga rana tana duba ido ɗaya-ɗaya. Yadda take karkata kai in tana wannan dubawar, sak mahaifiyarta in tana zura zare a allura. Gogo ba ta iya tsayawa ta kalla, sai ta ce tana da aiki a ɗaki.

Ba zan ɓoye miki komai ba. Kwalaben farko sun lalace. Ta ɗauka tacewa kaɗai ta isa, ni kuma na bar ta ta gano da kanta. Kwana biyu cikin zafin nan namu, ruwan ya fara kumfa, warinsa ya sauya, murfi ɗaya ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Da an bar shi, lalle da ya zama abin da kike tsoro. Ba wanda ya ce mata komai, ita ta kwashe kwalaben ta tuttular a magudana, ta wanke su da sabulu, ta zauna tana kuka. A wannan yinin ne ta aiko miki da saƙon nan. Kuka take kawo miki, Gwaggo, na cewa abin yana neman ya fi ƙarfinta. Daga baya ta fahimci ƙwayoyin da ke kawo kumfar sun fi idon kowace rariya ƙanƙanta, wuta ce maganinsu. Yanzu in ta tace sai ta ɗora a wuta, ta zuba da zafinsa a kwalbar da aka tafasa, ta rufe. Yau kwana tara ke nan, ruwan yana nan garau, ba kumfa. Duk aikin jikarki shi ne ta hana ruwan tuffa zama giya.

Alhaji Abubakar Sadiƙ da zai kawo miki wannan takarda yana ɗauke da ƙaramar rariya lamba sittin. Hala ce ta roƙi Usta ya yi miki, ta ce ta ji kina ƙorafin tsakin tsamiya a kunu. Ta naɗe ta a takarda, ta ɗauki biro za ta rubuta miki wani abu, ta daɗe tana riƙe da shi, ta ajiye. Wannan ne ya fi damuna. Tun ranar da Yaya Idirisu ya kira, yarinyar nan ba ta ƙara yin Hausa ba, ko da Gogo. Ta ce bakinta ne ya jawo, gara ta yi shiru da ta sake faɗin abin da zai kunyata kakarta.

Maganar tafiya tana hannunki. Idan kin ji duk wannan kika ce ta taho, ni da kaina zan kawo ta har ɗakinki, ba zan yi miki musu ba. Roƙona ki bar ta ta zauna jarrabawarta. Amma kafin ki yanke komai, don Allah ki kira ta. Ko faɗa ne ki yi mata, ki yi da Hausa, ki jira har ta amsa miki.

Gogo tana gaishe ki, ta ce ki sa ta a addu'ar azumi. A gaida Yaya Idirisu da iyalinsa, da A'isha Humaira da jaririnta, da Baffa Ibrahimu, a yi masa sannu da jiki. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sada fuskokinmu da alheri.

'Yarki mai jiran amsarki,
Mawahib