Fuskar Mahaifiyarku a Sabuwar Talabijin

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Maƙwabcinmu direba ne ke rubuta min, in kin ga kuskure nasa ne.

Ni lafiya lau a nan gidan yayanki, ƙafar ma da sauƙi, sai dai ba na fita. Yayanki ya kafa min talabijin mai faɗin ƙofa a bango. Waya ɗaya tak ya soka mata, ya ajiye doguwar sifika a ƙasanta. Har gumin mai karanta labarai ana gani.

Na ce a sa min kaset ɗin mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, wanda na taho da shi tare da bidiyonmu. Ashe shi wayoyi uku gare shi, ja, fara da rawaya, ita kuwa ba ta da raminsu. Ya ce, "Baba, ka haƙura, zamanin wannan ya wuce." Kwana biyu ban taɓa abincinsu ba, sai da ya nemo wani ɗan akwati ya haɗa su.

Auta, da ma ban kalla ba. Fuskarta ta baje kamar an zuba wa hoto ruwa, bakinta ya rufe kafin maganar ta iso. Ni da nake jero kakanninku bakwai ba gargada, na zauna ina tambayar kaina ko ita ce.

Kada ki rabu da tsohuwar talabijin ɗin ɗakina da na bar miki. Ki kuma aiko min amsa: tawadar Allah da ke fuskar mahaifiyarku, a kuncin dama take ko na hagu? Kada yayanki ya ji na tambaya.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki.