Shaidar Shuni a Kan Dila Takwas

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Bubayero ɗan Maigida na Katagum, mazaunin Azare, na rubuta wannan ran Talata, 6 ga Maris 1951, hankalina cikakke. Jibi za a kai ni Kano a yi mini aikin ciki, likita kuma bai ɓoye mini haɗarinsa ba. Saudatu da Jalo, ku ƙanana ne, mahaifiyarku Ya Fanna za ta adana takardar har ku iya karatu.

Na ɗaya. Fatun awakinmu, dila takwas, sun bar Azare da mota ran 9 ga Fabrairu. Daga Kano jirgin ƙasa ya kai su Ikko, suna jiran jirgin ruwan Ingila. Shi ne karon farko da gidanmu ya aika kaya ƙetare da sunansa. Takardun suna cikin akwatin ƙarfe, kowace da kwafinta.

Na biyu. Kada a ɗaure dila sai Malam Jaji, mai shanya mana fata, ya duba. Bara na gama makaranta, na dawo na san awo da cike takarda, ina jin ba abin da ya rage mini. Da aka ɗaure dila takwas ɗin nan, na rubuta harafin shaidarmu a jikin buhunansu da tawadar allo. Malam Jaji, wanda bai san boko ba, ya jiƙa yatsa ya goga, harafin ya fita. Ya tuna mini tawadar allo don a wanke ta aka yi, Ikko kuwa garin ruwa ne, dilar da ba shaida ba ta da mai ita. Ya ɗebo shuni a marina, ya sa na sake rubutawa sau takwas.

Na uku. Ranar na ɗaga masa murya a gaban 'yan dako, don kunya ta kama ni. Shi kuwa ya ci gaba da riƙe mini ƙwaryar shunin. Har yau ban ba shi haƙuri ba. Gobe da safe zan je. In ban same shi ba, mahaifiyarku ta kai ku wurinsa, a karanta masa wannan sakin a gabanku.

Na huɗu. Sikeli na Jalo ne, littattafaina na Saudatu. Rumfar shanya ta Malam Jaji ce muddin ransa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Kada ku raba rumfar nan bayan Malam Jaji, kada ku raba shaidar. Duk abin da kuka rubuta, ku bari wanda ya girme ku ya goga da yatsa.