Kandil Goma da Idona na Hagu

Litinin, 4 ga Maris
'Yata Nulvia ta dawo daga jami'a da akwati cike da kwalabe. Wai idanun kifi take nazari. Uwarta, matata Teodora, ta ce, "Shekara huɗu kina karatu, ashe abin da nake tsotsewa a miya kika je nema." Yarinyar tana so in kamo mata kandil goma, jan kifin nan mai ƙwala-ƙwalan idanu da ke ɓuya a ramukan murjani. Na ce ai wannan wasa ne. Zancen idona na hagu kuwa ban faɗa mata ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 6 ga Maris
Nutso tara, kifi biyu. Abin kunya.
A kwale-kwale ta yi ta bayani. Wai ruwa yana shanye jan launi tun kafin a yi nisa, shi ya sa kandil yake zama baƙi a can ƙasa, mai farautarsa ba ya ganinsa, shi kuwa manyan idanunsa suna tattara ɗan hasken da ya rage. Na ce mata tun ba a haife ta ba na san wannan, jinina ma kore yake fita in na yanke a ƙasa. Har ta rubuta a littafinta. Na ji daɗi, ƙarya ba kyau.

Alhamis, 7 ga Maris
Iska, ba fita. Na gyara ragar da ba abin da ya same ta. Na zagaya tsibirinmu sau huɗu.

Asabar, 9 ga Maris
Iska ta kwanta, mun fita.
Mun nutsa tare, tana rubutu a allonta, ni ne mai tsaronta. Maƙalin allon na ƙarfe ne, yana walƙiya. Barakuda kuwa, dogon kifin nan mai kaifin haƙora, duk abin da ya ƙyalla ɗan kifi ne a wurinsa. Ban ga zuwansa ba. Sai dai na ga koren jini yana tashi daga hannun 'yata.
Da muka hau kwale-kwale na ɗaure mata da rigata. Ta ce, "Baba, ta hagunka ya bi. Ya kai tsawona."
Na ce rana ce ta kashe mini ido.
"Ranar tana bayanka, Baba."
Na tuƙa mu zuwa gaɓa.

Lahadi, 10 ga Maris
Na zauna ina ta mita ba a kawo abinci ba. Teodora ta ce, "Baban Nulvia, tuwon ayabarka na nan gefen hagunka tun ɗazu, har miyar kwakwar ta huce." Da gangan ta ajiye shi a can, na sani.

Talata, 12 ga Maris
Nulvia ta tsaga idon kandil da lafiyayyen hannunta, ta ciro wani ɗan ƙwallo garai-garai ta ɗora mini a tafi. Wai nawa ma haka yake, sai dai yanar ido ce ta rufe shi, likita a birnin La Ceiba zai cire ta. Na ce idona ba na kifi ba ne da za a sa masa wuƙa. Ta ce to ba za ta ƙara nutsewa da ni ba, maƙwabcinmu Casildo za ta nema. Casildo da bai san bambancin kandil da tsohon takalmi ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Casildo ya kawo shida. Daga gindin kwakwa na ƙirga su, da ido ɗaya.

Litinin, 18 ga Maris
Gobe jirgin ruwan La Ceiba zai tashi da bakwai. Ƙugiyoyina sun yi tsatsa, dole in je. Nulvia ta ce za ta raka ni, ban hana ta ba, hanya ta kowa ce. Na ce wa Teodora ta goge mini farar rigata.
Ta ce, "Don sayen ƙugiya?"
Na ce ta goge kawai.