Hayaƙin Shagon Ɗinki

Kirkissoye, Yamai
Ran Talata

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da dukan mutanen gida. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, kada hankalinki ya tashi. Jiya da hantsi butalin gaz ya kama wuta a shagon ɗinkin mijina Moussa. Shi da Jibo, abokin aikinsa, suka tsaya cikin hayaƙi suna fitar da kekunan ɗinki. Da ƙafafunsu suka fito, ƙunar ma kaɗan ce a fuska. Ni da Delu, matar Jibo, muka same su a asibiti suna ta zolayar juna.

Amma lokotoro da ta haska bakin Moussa ba ta yi dariya ba. Ta nuna mani gashin hancinsa da ya babbake, da baƙin da ke cikin yawunsa, ta ce in saurari yadda muryarsa ta dishe. Wai zafi ya ƙona maƙogwaro ta ciki, zai yi ta kumbura har hanyar lumfashi ta toshe. Gara a sa shi barci a zura masa tiyo zuwa huhu tun da sauran hanya. Haka ta ce wa Jibo ma.

Jibo ya ce shi lafiyarsa lau, ba mai sa masa roba a wuya yana ji yana gani. Lokotoro ta bi shi har bakin ƙofa tana roƙo. Delu ta ja hannun rigarsa, ya fizge, dole ta bi shi gida. Moussa ma ya miƙe. Ban san lokacin da na kwashe takalmansa na zauna a kansu ina kuka ba, gaban mutane. Kunya ce ta mayar da shi gado.

Yanzu inji ne ke yi masa lumfashi. Ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ku sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Rahina

Ran Lahadi

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Saƙonku ya iso, na gode.

Abin da ban sani ba lokacin da nake rubuta maki waccan wasiƙa: Jibo ya rasu tun ran Litinin. Bayan la'asar lumfashinsa ya fara fito kamar usur. Aka sa shi a taksi za a mayar da shi asibiti, cunkoso ya tsare su bisa gada, kafin su ƙetare kogi ya cika a cinyar Delu. Sai da aka rufe shi maƙwabta suka gaya mani.

Moussa kuwa, jiya aka cire tiyon. Ya yi tari mai yawa, ya ja iska da kansa, alhamdulillahi. Magana tana yi masa wuya, amma ya tambayi Jibo. Na gaya masa gaskiya. Ya juya fuskarsa bango.

Yau da safe na je gaisuwa. Delu na zaune bisa tabarma cikin takaba, ƴaƴanta a jikinta. Ta tambayi jikin Moussa, ta yi masa addu'a. Da zan tashi sai ta riƙe mani hannu, a hankali ta ce, "Rahina, don Allah me kika ce masa har ya yarda ya zauna?"

Inna, sallama kawai na yi mata na fito. Gobe ma zan koma wajenta, kuma na san za ta sake tambayata.

A gaida kowa da kowa.

Ɗiyarki,
Rahina