Na Ƙaryata 'Yata Kan Kifin Jidda

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Wata tafiya da na yi ta ba ni wahala, kuma har yau ban huta ba. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Yadi nake sayarwa a kasuwar Wunti, na haura hamsin, karatuna bai yi nisa ba. Bana Allah ya hore min na kai Innata Umara, tare da matata da autarmu, zan kira ta Ummi, takwarar Inna ce, shekarunta bakwai. Inna ba ta iya doguwar tafiya, sai a keken guragu. Ni na tura ta ɗawafi, ni na tura ta Safa da Marwa, ni nake ɗaga ta a mota in sauke. Bayana ya riƙe, ko ruku'u da ƙyar. Tun muna gida abu ɗaya ta roƙa bayan ibada, a kai ta ta ga Bahar Maliya, ruwan da ya ci Fir'auna. Ita duk rayuwarta a Zungur ta yi, ruwan da ta sani bai wuce rafi da rijiya ba.

Ranar ƙarshe a Jidda wani direba Bahaushe ya ce akwai gidan kifaye a bakin tekun, yara na so. Ummi ta maƙale min. Na kalli keken nan, na ji bayana, sai kawai na shiga ɗaki na ce wa Inna za mu je awon kayan da za mu sa a jirgi, layi ne da rana, ta zauna ta huta. Matata ta ce min ba daidai ba ne, na ce ita ta taɓa tura keken ko sau ɗaya?

Wallahi ban ji daɗin wurin ba. Tun daga ƙofa na ga an yi hanya shimfiɗaɗɗiya saboda masu keke, ga ma'aikata suna tura tsofaffi. Muka shiga wani lungu na gilashi, kifaye suna wucewa ta saman kanmu, a gabana wani Balarabe yana nuna wa tsohuwarsa su ɗaya bayan ɗaya. Ina zan sa idona? Aka zo wasan wani ƙaton kifi wai shi dolfin, yana tsalle ta cikin zobe, ya watso ruwa ya jiƙa hijabin Ummi, tana ta dariya har da faɗuwa. Ta bayan wurin kuma ga tekun nan, ba ka ganin ƙarshensa. Da muka koma masauki muka tarar Inna ba ta ci abinci ba, tana jan carbi, wai tana roƙon Allah kada a hana mu kayanmu. Ta tambayi teku, na ce an rufe hanyar. Na ja kunnen Ummi kada ta faɗa.

To yaro ne. Mun dawo gida, 'yan uwa daga Zungur sun cika ɗakin Inna, ana rabon dabino da zamzam, sai Ummi ta miƙe tana kwatanta tsallen kifin da hannu. Inna ta kalle ni. Me zan ce a gaban mutane? Na yi dariya na ce a talabijin ɗin masauki ta gani.

Inna ta ce, "Takwara, daga ɗakin Allah kika dawo mana da ƙarya?"

Aka yi dariya. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ni kuwa na ci gaba da zuba zamzam a kofi.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe yanzu aka fara. Yaran gidanmu suka kai maganar Islamiyya, yanzu Ummi Kifi ake kiranta. Duk abin da ta faɗa sai a ce ko kifin ne ya gaya mata. Makon jiya filas ɗin Inna ya fashe, Ummi ta rantse ba ita ba ce, Inna ta ce wadda ta ƙirƙiro kifi mai rawa me ba za ta ƙirƙira ba, ta ɗaɗa mata silifa. Daga baya aka gane akuyar maƙwabta ce. Yarinyar da a da ba ta kwana sai a bayan Inna, yanzu ko ƙofar ɗakin ba ta bi. Matata ta ce bidiyon wasan kifin da ta ɗauka yana cikin wayarta, in ban faɗa ba ita za ta nuna. Muka yi faɗa, na ce tana so hawan jinin Inna ya tashi ne? Ta ce ni nake so, tun ranar da na bar Inna a ɗaki ita kaɗai.

Jiya da la'asar ina alwala Ummi ta zo ta tsuguna kusa da buta ta ce, "Baba, da gaske mun je, ko mafarki na yi?"

Na ce ta kawo min tawul.

Yau da safe na shiga gaida Inna da niyyar in faɗa komai. Na tsuguna, kafin in buɗe baki ta ɗora hannu a kaina ta fara sa min albarka, wai ko cikin Larabawa ba ta ga ɗan da ya wahalta wa uwarsa kamar ni ba. Sannan ta ce in sa ido a kan takwararta, ƙarya tun tana ƙarama ake cire ta. Na ce to, Inna. Na fito, na tarar da Ummi a zaure da jakar makaranta, na ɗauke ta a babur na kai ta. Ko shago ban gama buɗewa ba na zauna rubuta muku wannan.

In na faɗa, tsohuwar nan za ta san ɗanta ya gaji da ita a ƙasa mai tsarki, kuma ba ni da halin mayar da ita. In na yi shiru, 'yata ta fara shakkar idonta. Jama'a, me zan yi?