Ledar da ke ƙarƙashin rigata

Baba,

Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa. Na san ba mai kai maka wannan takarda, ko da kana raye ma sai an karanta maka. Amma bakina ya cika, kuma kai ne kaɗai ba za ka katse ni ba.

Labarin gida a waya nake jin sa. Ruwa ya sauka Tamaske, an yi shuka. Yaya Illa ya gaji teburinka na fawa a kasuwa. Inna ta fita takaba. Ni kuwa a gari sunana ya koma wanda ubansa ya rasu bai zo ba. Ba ƙarya suka yi ba, ban zo ba.

Lokacin da kake kwance, ni a nan Abijan kamiyo, babbar motar kaya, ya ja da baya ya matse ni da bango. Hantata ta tsage. Jinin ya tsaya da kansa, likitoci suka ce ba sai an buɗe ciki ba. Na ɗauka na tsira. Bayan 'yan kwanaki idona ya yi ɗorawa, ga zazzaɓi, ciki ya kumbura. Ashe hanyar matsarmama ce ta yage, ruwanta na ta tsiyaya a cikina.

Ka tuna ranar da ka make hannuna don na fasa matsarmamar rago, hantar ta yi ɗaci, aka jefa wa kare? To yau ni ne naman.

Suka duba da na'ura, suka zura mini siririn tiyo a gefen dama, ruwan na fita cikin leda. Wani guntun kuma ta baki suka tura shi, don ruwan ya koma bin hanyarsa zuwa hanji. Ba wuƙa, ba ɗinki. In faɗi gaskiya, sun iya aikinsu.

Amma ka san mutanenmu. Ciwon da ba a yi wa aiki ba, ba ciwo ba ne. Yaya Illa ya tambaya ko an yi mini aiki, na ce a'a. Ya tambaya ko ina tafiya da ƙafata, na ce e. Sai ya ce an riga an rufe ka, ya kashe waya. Na ji haushinsa, har yanzu ina ji. Amma shi ya yi jinyarka, shi ya shiga kabarinka. Da ni ne a wurinsa, da na fi shi zafi.

Kuma ban gaya masa zancen ledar ba. Ta yaya zan soma? Ɗanka da ake yabo wajen ɗaukar buhu, yau yana yawo da koren ruwa ɗaure a ƙugu. A masallaci ƙarshen sahu nake tsayawa kada wani ya goge ta. Mutanen garinmu da muke ɗaki ɗaya kan kau da ido idan zan zubar, kuma ni na roƙe su kada a ji a gida. Na gwammace a ce ba ni da kirki da a ce na lalace. Wane irin mutum ne wannan, Baba? Haka ka rene ni?

Ruwan ya ragu. Likita ya ce an kusa cire tiyon, tabon da zai rage bai wuce ƙwayar wake ba. Da wannan zan tsaya gaban Inna? Wa zai yarda?

Shi ya sa da safen nan na kira Yaya Illa ta bidiyo, na ɗaga rigata. Ya daɗe yana kallo. Mahauci ne, ya san launin. Na ga ya tashi daga teburinka, ya bar naman a buɗe, ya bi hanyar gida wajen Inna da wayar a hannu.

Allah ya haskaka makwancinka. Da an cire, ina tafe.

Ɗanka da bai zo ba,
Asumana