Safiya Goma Sha Biyu a Tashar Ƙaura

Ƙaura Namoda, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Inna ya yi sauƙi. Tun da aka katse layukan waya a jihar nan, Sabo direba ne kaɗai hanyata gare ku, saboda haka ki yi haƙuri da tsawon takarda.

Ban manta alkawarin zuwa ba. Kowace safiya nakan ɗaure jaka, in tafi tasha, in tambayi lafiyar hanyar Zurmi. Ko an ce lafiya lau, sai in tuna da motar da 'yan bindiga suka tare kafin salla, in koma gida. Yau kwana tara ke nan.

Maƙwabcina Pam ya nuna mini wani tsohon fim ɗin Turawa na ban dariya. Mutum ne yake wayar gari kullum a rana guda, mutanen jiya, gaisuwar jiya, shi kaɗai ya san maimaici ake yi. Pam har da hawaye don dariya. Na yaba tsarin fim ɗin ƙwarai, amma ni ban yi dariya ba. Kuma kwafin nasa ya yanke kafin ƙarshe, ban ga yadda mutumin ya kuɓuta ba.

Ina kyautata zaton daga littafi aka ɗebo labarin. A akwatin marigayi Baba akwai wani ɗan littafi marar bango da ya sayo a kasuwar Shinkafi, na wani falke da ranar kasuwa ta ƙi wuce masa. Ban ce shi Turawan suka karanta ba, ƙila dai tushensu ɗaya ne. Don Allah ki kwafo mini yadda falken ya fita.

Ƙaninki,
Tsoho

Zurmi, 16 ga wata

Tsoho,

Sannu da bincike, Malam. Inna na kwance tana tambayar ka, kai kana tambayar falke.

Na buɗe akwatin, littafin na nan, ko gara ba ta taɓa shi ba. Na karanta ma Inna, ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce ƙarya Baba ya yi muna, ba saye ya yi ba, goro aka ƙunso mai a ciki. Na ga ƙarshen, kuma ba ni kwafowa. Shi na ƙarƙashin matashin kanta.

Ka ji abin da ba ka tambaya ba. Kunu kaɗai take sha yanzu, cokali huɗu. Duk motar da ta tsaya bakin titi sai ta ce, "Rekiya, leƙa, ko Tsoho na." In leƙa, in dawo, in ce gobe. Na gaji da wagga gobe. Nima tsoron hanyar nike ji, ban ce maka babu komi ba. Amma Sabo na bin ta kullum, shi ma yana da ɗiya.

Yayarka,
Rekiya

Tashar Ƙaura, 17 ga Satumba

Yaya Rekiya,

Bayan gaisuwa. Na miƙa wa Sabo amsa mai shafi uku, ya ƙi karɓa. Ya ce kin hana shi ɗauko takarda sai tare da mai ita, 'yan tasha suna ta yi mini dariya.

Ina cikin mota, kusa da taga, jakar tana kan cinyata. Ki gafarci rubutun, a kan jakar nake yin sa. Saura mutum ɗaya ta cika, kuma ban sauka ba tukuna.

Ki gaya wa Inna cewa... a'a, bari. Ni zan gaya mata.

Tsoho